Turba a Lambun Kakanmu

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na buɗe wannan littafi domin in riƙa ajiye abin da aka yi da abin da aka kashe a aikin fitar da turbar tafiya da ƙafa cikin lambun kakanmu, wanda yake bayan garin Garwa a kan hanyar Pitowa, gefen wani ƙaramin rafi da yake malalewa zuwa Binuwai. Lambun ya kai kadada huɗu. Marigayi Alhaji, wanda ya yi fataucin goro da shanu tsakanin nan da Yola, shi ya kafa shi tun kafin Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960, kuma bai sare manyan itatuwan da ya tarar ba, sai ya dasa mangwaro da gwaiba da lemo a tsakaninsu. Tun bayan rasuwarsa ba a tunawa da wurin sai lokacin da mangwaro ya ƙosa, a sayar wa 'yan sari a kan bishiya, a raba kuɗin, kowa ya kama gabansa.

Abu biyu suka sa ni wannan aiki. Shekara biyu da suka wuce na je Limbe a bakin teku, na shiga lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, lokacin ana kiran garin Biktoriya, na ga mutane suna tafiya a inuwa suna karanta sunan kowace bishiya a kan allo. Na tsaya ina tuna maɗaci da rimin lambunmu, waɗanda ba su gaza na can kwarjini ba, amma ko 'ya'yana ba za su iya bambanta su ba. Na biyu kuwa, likita ya ce hawan jinina yana bukatar tafiyar rabin awa kullum, kuma wanda ya san titunan Garwa da 'yan mashin ɗinta ya san ba wurin tattakin dattijo ba ne.

Baffa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya yarda bisa sharaɗi biyu: kada a taɓa bishiyar da ake cin 'ya'yanta, kuma kada a nemi ko sisi daga kuɗin gado. Na ware sefa 450,000 daga aljihuna. Nufina turba mai kewaye, wadda za ta fara daga ƙofa ta dawo ƙofa, ba hawa ba tsallake, yadda tsohuwa mai sanda da mace mai goyo za su iya binta. Ina fatan a gama kafin 11 ga Fabrairu, ranar matasa, in kawo ɗalibaina.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kwana uku muka yi muna ƙidaya, ni da ɗana na biyu da Baba mai gadi. Duk bishiyar da kaurinta ya wuce cinyar mutum mun sa mata lamba da farin fenti, mun auna kewayen gindinta a tsayin mita 1.30 daga ƙasa, kamar yadda ma'aikatan gandun daji suke yi. Mun sami 214, iri 31. Mangwaro ne kusan kashi ɗaya cikin uku, amma abin da ya faranta mini rai shi ne na gargajiya: maɗaci bakwai, tsamiya biyar, kuka biyu, rimi ɗaya, sai gawo da kanya da ɗinya da ɗorawa da kaɗanya da marke da gurjiya, da jerin giginya a bakin rafi. Babban maɗacin, lamba 58, sai da mu uku muka haɗa hannu kafin muka rungume shi.

Abin da ban zata ba shi ne yawan 'ya'yan dogon yaro. Wannan bishiya baƙuwa ce, daga ƙasar Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, kuma babu mai musun alherinta, domin ita ce ta rufe titunan Marwa da Garwa da inuwa. Sai dai a cikin lambu ba ta san baƙunta ba. Jemagu da tsuntsaye suna shan 'ya'yanta su zubar da ƙwallon a ƙarƙashin duk bishiyar da suka sauka, shi ya sa gindin kowace tsamiya ya cika da ɗaruruwan ƙanana, sun tsaya cunkus kamar gero, ba su bar wa ɗan tsamiya ko ɗaya wuri ba. Manya biyar zan bari, sauran sai tumɓukewa.

Da daddare na zana turbar a takarda, kusurwa huɗu, tsaf da ita, mita 1,000. Tef da igiya da fenti, sefa 9,000.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

An gama sarar ciyawa. Leburori huɗu, kwana biyar, kowane 2,500 a yini, 50,000 ke nan. Adda biyu da manjagara biyu da shebur, 14,500. An kashe kububuwa ɗaya a cikin gamba. Jimla zuwa yau 73,500.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yau takardata ta mutu, kuma Gwaggo ce ta kashe ta.

Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Alhaji mata, kuma a lambun nan ta yi ƙuruciyarta. Na ɗauko ta a mota da hantsi domin ta sa wa aikin albarka. Ta bi igiyar da muka ja kamar taku hamsin, sannan ta tsaya ta dogara sandarta, ta ce, "Malam, wannan hanya wa ka ja wa? Ko akuya ba ta bin rana tana ganin inuwa." Na duba, gaskiyarta. Na ja layina a miƙe ta tsakiyar fili domin ya yi kyau a zane, alhali da ƙarfe goma na safe babu ko ɗigon inuwa a rabinsa.

Daga nan ta bar igiyar ta kutsa cikin itatuwa, mu kuma muka bi ta. Ta kai mu wata tsohuwar rijiya da sarƙaƙiya ta rufe, wadda ni ban taɓa sanin da ita ba, ta nuna ramukan da ƙafafun jigo suke a dā. Ta riƙa caka sanda a ƙasa har ta gano bakin magudanar da Alhaji ya jera wa duwatsu, wadda take ɗaukar ruwa daga rijiyar zuwa layin lemo. Ta nuna kufan soron da yake hutawa a ciki, yanzu tudun jar ƙasa ne kawai da guntun azara biyu a kwance, waɗanda har yau gara ba ta iya da su ba. A gindin tsamiya lamba 31 ta ce nan ne masallacinsa, da na sunkuya kuwa sai ga duwatsun alƙibla a jere ƙarƙashin ganye. Ta ce mangwaron layin gabas da bakinsa ya sha su a hanyar fatauci, ya ɗauro ƙwallayen a ƙyalle ya kawo gida.

Na sa ɗana ya bi bayanta yana kafa turke, kuma duk inda ta tsaya ta huta na sa ya ɗaura jan ƙyalle. Sau shida ta tsaya, kuma babu tsayuwa ɗaya da ta yi a rana. A waɗannan wurare shida za a gina dakali. Sabuwar turbar ta karkace kamar tafiyar maciji, ta kai mita 1,200, tana ratsa kwazazzabo a wuri ɗaya, wanda yake nufin sai an yi gada, abin da babu shi a lissafina.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na yi ɓarna, kuma laifin nawa ne. Ranar Alhamis na ce wa leburori su daidaita ƙasar turba, duk inda ya yi tudu su sare, sannan na tafi makaranta. Kusa da maɗaci lamba 58 akwai saiwoyi da suka taso saman ƙasa, sai suka ɗauke su a matsayin tudu, suka sa gatari. Da na zo jiya da la'asar na tarar da saiwa uku masu kaurin damtse a datse, jan cikinsu a waje, ga tarin ƙananan jijiyoyi an watsar gefe. Sai da na zauna a ƙasa. Ba su yi abin da ban ce ba.

Na kira wani tsohon ɗalibina wanda ya yi karatu a makarantar horar da ma'aikatan kula da namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe a 1970. Ya zo yau da safe, ya duba, ya ce bishiyar za ta rayu in Allah ya so, tunda ɓangare ɗaya aka taɓa, amma ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Yawancin jijiyoyin da bishiya take sha da su ba su da zurfi, suna shimfiɗe ne a ƙasan sama, kuma sukan wuce iyakar inuwar rassanta. Don haka haƙa a ƙarƙashin bishiya yanka ne, ko da ba a ga babbar saiwa ba. Ya sa aka gyara bakin saran da zarto domin ya zama sumul, aka mayar da ƙasa aka rufe. Ya kuma nuna mini illar da ta fi tawa: masu ɗibar sassaƙen maganin zazzaɓi da ciwon ciki sun ɓare bawon maɗaci huɗu, ɗaya har ya kusa kewayewa. Ya ce ranar da ɓarewar ta haɗe zobe, bishiyar ta mutu a tsaye, domin ta cikin bawon ne abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa.

Doka daga yau: ba diga, ba gatari a kan turba. Inda ƙasa take da tauri shara kawai za a yi, inda take da kwari a zuba burji a kai. Kwana biyun da aka yi ana haƙa sun ci 15,000 a banza. Jimla 88,500.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Burji tifa huɗu, kowace 28,000. Ba zai rufe turbar duka ba, kuma ba a bukata. Wuraren da ruwa yake kwanciya da damina, kimanin mita 500, su za a bi. Direban ya so ya shiga har tsakiyar lambu, na hana, saboda nauyin mota yana danne ƙasa ya shaƙe saiwa. An juye a ƙofa, za a ɗiba da baro. Tifa ta uku rabinta laka ce, mun yi ta cacar baki, bai rage ko dala ba. Jimla 200,500.

Asabar, 7 ga Disamba

Ƙudan zuma sun tashi aiki ranar Laraba. Akwai su a kogon babbar kukar, kowa ya sani, kuma tun da aka fara ba su kula kowa ba. Sai wani yaro cikin leburori ya tara 'ya'yan dogon yaron da aka tumɓuke, ya cinna musu wuta a gindin kukar, hayaƙi ya miƙe cikin kogon. Baba mai gadi ya ce ƙarar da ya ji kamar ta injin niƙa. Kowa ya zubar da abin da yake hannunsa, biyu suka faɗa cikin sauran ruwan rafi, shi kuwa yaron ya sha harbi a fuska da wuya har idonsa ɗaya ya rufe. An kai shi asibiti a mashin, allura da magani 7,000. Jiya na je gaishe shi, kumburin ya saɓe.

Leburori sun ce ba za su koma ba sai an ƙone zumar. Na kwana ina juya maganar. Ƙudan sun riga mu zama a wurin, suna kuma aikin furanni, kuma wuta a kogon kuka tana iya cin bishiyar ta ciki. Amma turbar da za a kawo yara ba za ta bi ta ƙarƙashin amya ba. Abin da na yanke shi ne a janye turbar mita arba'in zuwa yamma, a kafa allon kukar a can. Da na tsaya a sabon wurin sai na ga ashe daga nesa ne ake ganin kuka sosai, yanzu da ta zubar da ganye, rassanta tsirara a sama, 'ya'yanta suna reto. A gindinta mutum ba ya ganin komai sai bango.

Asabar, 14 ga Disamba

An gama baza burji. Mutum uku, kwana takwas, 60,000. An yashe tsohuwar rijiya, 20,000, an sami ruwa a gaba biyar, da shi ake yayyafa wa burjin ana daɓewa. Hunturu ya sauka sosai, da safe ba a ganin dutsen Tingilin saboda hazo. Jimla 287,500.

Alhamis, 19 ga Disamba

Gobara. Ina aji wajen ƙarfe ɗaya Baba mai gadi ya bugo waya, abin da na iya ji kawai shi ne "wuta, Malam, wuta". Kafin in iso ta riga ta shigo ta kusurwar arewa maso gabas, inda iskar hunturu take fitowa, tana cin busasshiyar ƙyasuwa da gamba da tsayinsu ya kai kafaɗa. Babu wanda ya san wanda ya cinna ta, ko masu farautar gafiya ne, ko mai neman sabon toho, ko guntun taba. Maƙwabta sun taimaka ƙwarai, maza da ɗanyun rassan dogon yaro suna bugu, mata suna jido daga rijiyar da aka yashe kwana biyar kacal da suka wuce. Ba don rijiyar nan ba, da yau wani labarin nake rubutawa.

Abin da ya tsayar da ita a ƙarshe turbar ce. Da wutar ta iso kan burji, inda babu ciyawa, sai ta rage ƙarfi, aka samu aka kashe ta wajen la'asar. Ta ci kusan rabin kadada. Gwaiba tara sun ƙone ƙurmus, lemo huɗu sun babbake, mangwaro shida ganyensu na ƙasa ya soye daidai lokacin da suke shirin fure. Na lura da wani abu da nake karantawa a littafi amma ban taɓa gani da idona ba: kaɗanya da marke da ɗorawa, waɗanda wutar ta ratsa ta gindinsu, baƙi kawai suka yi. Bawon kaɗanya mai kauri ne, a tsattsage kamar bayan kada, na ɓantari ɗan kaɗan da farce na ga cikinsa ɗanye shar. Itatuwan dajin nan sun saba da wutar rani, na dashe ne ba su san ta ba.

Da magariba na je na gaya wa Baffa da bakina kafin ya ji a wani wuri. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko an yi sharar kare wuta a kewayen lambun. Na ce ba a yi ba. Ya ce, "Alhaji kowace shekara da an gama girbi yake yi, kafin ya taɓa wani aiki." Bai ƙara komai ba, ni ma ban sami abin cewa ba. Na kashe kusan sefa 300,000 a kan hanyar yawo, na manta da aikin 30,000 da yake tsare lambun gaba ɗaya.

Lahadi, 22 ga Disamba

An share kewaye, faɗin mita biyar, an kwashe ciyawar an kai nesa. Mutum huɗu, kwana uku, 30,000. Jimla 317,500.

Na kuma je wurin Jauro, mai unguwar Fulanin wurin, da goro, ya tara mini makiyayan da suke bin burtalin bayan lambu. Ba zargi na kai ba, shawara na kai. Abin da suke so a wurinmu gawo ne, domin shi yake yin sabon ganye da rani lokacin da sauran suke zubarwa, kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne na gaske idan bazara ta matso. Mun daidaita a kan cewa idan 'ya'yan sun fara zuba, yaransu za su shigo da buhu su tsince kyauta, amma ba shigo da garke, ba sassabe reshe. Su kuma duk wanda ya hango hayaƙi zai kira Baba mai gadi. Wani dattijo a cikinsu ya ba ni sunayen itatuwa goma sha tara da Fulatanci, na rubuta a tsaye.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Gada ta tsaya. Kwazazzabon faɗinsa mita uku ne, zurfinsa ya kai ƙugu. Magini ya so a zuba kankare, na ce azara nake so, saboda guntayen soron Alhaji sun isa shaida. Na sayo tara a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, na namijin giginya, wanda masu sayarwa suka ce ya fi tauri, kowace 4,000, kuɗin mota 6,000. Siminti buhu huɗu na ginshiƙai 24,000, magini 15,000. An sa makari a gefe ɗaya domin mai sanda. Ko giginya ɗaya ta lambun ba a taɓa ba. Jimla 398,500.

Asabar, 11 ga Janairu

Makon sunaye. Kowane allo zai ɗauki suna huɗu: Hausa a sama da manyan baƙaƙe, sai Fulatanci, sai Faransanci, sai sunan kimiyya. Kuka ita ce ɓokki, tsamiya jaɓɓi, gawo caski, giginya dubbi, aduwa tanni, maɗaci kuwa ɗaaleehi, wanda Faransawa suke kira caïlcédrat, masana kuma Khaya senegalensis. Giginya za ta sami allo biyu, domin namiji daban mace daban, kuma macen ce kaɗai take 'ya'ya, waɗanda ake binnewa su ba da muruci.

Bishiya lamba 140 ta raba kan dattawa. Baba mai gadi ya rantse maje ce, wani tsohon masassaƙi ya ce kawo ce, har suka fara ɗaga murya. Ɗalibina bai sa baki ba, ya sunkuya ya tona cikin ganye ya ɗauko wani kwanso mai tauri kamar katako, ya ɓare shi, sai ga baƙaƙen ƙwayaye kowace da 'yar hula ruwan goro a kanta. Ya ce wannan kawo ce, Afzelia africana, kuma ta yi ƙaranci a yankin nan saboda masu katako da masu sassabe wa shanu ganyenta. Masassaƙin ya gyara hularsa. Na ƙara wa turbar ɗan lanƙwasa domin ta bi ta gabanta.

Asabar, 18 ga Janairu

Alluna 32 sun iso daga wurin mai fenti, kowane 1,500, kuma goma sha uku a cikinsu ba za su kafu ba. Na ba shi rubutun a takarda da hannuna, amma ya ɗauka lanƙwasar da take kan baƙaƙe kuskuren alƙalami ne, sai ya gyara mini. Kaɗanya ta koma kadanya, ƙirya ta koma kirya, ɓaure ya koma baure, ɗinya da ɗorawa da maɗaci duk an aske musu ƙugiya, na Fulatanci ma bai bar ɓokki da jaɓɓi ba. Faransanci ya yi a makaranta, bai taɓa rubuta harshen da yake magana da shi a gida ba, kuma wannan ba shi kaɗai ba ne a garin nan. Na yi niyyar in bari haka, sai na tuna cewa yaran da zan kawo wataƙila a kan allunan nan ne za su fara ganin Hausa a rubuce. Na zauna a shagonsa yini guda ina zana masa ɗ da ƙ da ɓ a kwali yana yanka. Ya karɓi rabin kuɗi a kan na gyara, 9,750.

Turakun icen da na kafa tun Disamba domin alluna gara ta cinye su, na taɓa ɗaya ya ruguje a hannuna. Ba zan buga ƙusa a jikin bishiya ba. An yanko ƙarafa 32, kowane 800. Jimla 481,850, wato na riga na wuce abin da na ware.

Asabar, 25 ga Janairu

Dakali shida, a wuraren jan ƙyallen Gwaggo. Bulo da siminti da magini, 66,000. Jimla 547,850. An yashe magudanar duwatsu, an kewaye kufan soro da masallacin tsamiya da ƙananan duwatsu ba tare da an ƙara musu komai ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwajin farko. Na ɗauko Gwaggo da Baffa da matan gida uku bayan sallar asuba, muka shiga da fitowar rana, kowa a ƙudundune da mayafi. Daga ƙofa turbar tana bi ta layin mangwaro, waɗanda suke cike da fure har ƙamshin yana hawa kai, ta wuce rijiya, ta bi magudana zuwa tsamiya, sannan ta shiga duhun maɗaci da kanya, inda jemagu suke rataye suna tsiwa. Bayan gada sai giginyu da rairayin rafi, daga nan a juyo ta wajen kuka da gawo. Gurjiya ta zubar da jajayen furanninta a kan burji, matan suka tsaya suna tsinta domin miya. Cilakowa biyu suka bi mu daga reshe zuwa reshe har ƙofa.

Gwaggo ta kammala cikin minti hamsin, ta zauna a dakali biyar, ta wuce na shida ba ta ko dube shi ba. Ni kaɗai minti ashirin da biyar nake yi. Ta sami aibu biyu: bakin gada ya ɗara ƙasa da kamar ɗani ɗaya, sandarta ta sarƙe, sannan allon zogale an kafa shi a bayan bishiyar. Wajen da ya ƙone kuwa, da na yi niyyar kauce masa, Baffa ya ce a bar turbar ta ratsa shi, yara su ga abin da wuta take yi. Marken da ke wurin ma bai nuna ya san an yi gobara ba. Da za mu rabu ya ce idan an sayar da mangwaron bana a cire mini 50,000. Ban roƙa ba, ban kuma ƙi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An cike bakin gada, an juyo da allon zogale. Sai yau na tuna cewa ranar 11 ga wata duk ɗalibai suna filin fareti, ba wanda zai zo lambu. Shekara ashirin da shida ina koyarwa. An ɗaga zuwa Asabar mai zuwa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ɗalibai 38 suka zo, da malamai biyu. Kafin su shiga na rufe allon farko da hula na tambayi sunan bishiyar, mutum huɗu ne suka san kanya, duk da cewa babu wanda bai taɓa shan 'ya'yanta ba. A wurin kawo sun yi rububin ƙwayaye masu hula har sai da na ƙayyade ɗaya ɗaya. Wata yarinya ta tambayi dalilin da ya sa ƙ take da ƙugiya, malamin Faransanci ya juyo yana jiran amsa tare da ita. An bar mini ledojin ruwa a ko'ina, wani kuma ya sassaƙa sunansa a jikin gwaiba da reza. Ana bukatar kwandon shara biyu, da magana a ƙofa kafin a shiga.

Abin da ya rage: azumi zai kama a farkon Maris, don haka aikin ƙarfi ya tsaya sai bayan salla. A wannan tsakani zan cika leda 150 da ƙasa da taki a inuwar rijiya, in shuka kawo da tsamiya da ɗorawa da maɗaci, in kuma nemi dashen gwaiba tara da lemo huɗu na maye gurbin waɗanda suka ƙone, a dasa idan ruwa ya zauna a Yuni. Zan kewaye maɗatai huɗun da ake ɓarewa da waya, in roƙi Jauro ya yi wa masu sassaƙe magana su riƙa ɗiba ta gefe ɗaya. Burjin da gadar ba su ga ruwa ba tukuna, kuma kwazazzabon nan a watan Agusta yakan cika har ya tumbatsa. Na sa fenti a jikin ginshiƙi, layi layi, tazarar santimita goma, domin in riƙa rubuta inda ruwan ya kai. Maɗaci lamba 58 ina duba shi kowace safiya, ɓangaren da aka sare wa saiwa ganyensa ya ɗan fi na ɗaya ɓangaren shara-shara, kuma ɗalibina ya ce kada in yanke hukunci sai sabon toho ya fito.